Me ya sa allura ke nutsewa, jirgin ƙarfe kuwa ya tsaya bisa ruwa?

Ƙasarmu Nijar ba ta da gaɓar teku, amma duk da haka dubban ƴan ƙasa bisa ruwa su ke neman abincinsu. Kogin Isa ya ratsa yammacin ƙasa tsawon kilometir 550, daga iyakar Mali har Gaya. Ga tafkin Madarumfa a jihar Maraɗi, ga na Tabalak a jihar Tawa, ga Komadugu da tafkin Cadi can gabas. A duk waɗannan wurare kwale-kwale shi ne motar talaka, kuma da wuya shekara ta zagayo ba a ji labarin jirgin da ya kife da mutane ranar kasuwa ba. In an tambayi dalili, sai a ce ruwa ne ya ci su. Alhali kuwa ruwa yana da ƙa'ida wadda ba ta sakewa. Akwai iyakar nauyin da ya ke ɗauka, kuma ana iya lissafa wannan iyaka tun jirgi yana ɗaure bakin gaɓa.

Domin a gane wannan ƙa'ida, wajibi ne a san halaye uku na abubuwan da ke kwarara, irin su ruwa da mai da madara da zuma. Na farko shi ne nauyin lita, na biyu kauri, na uku kuwa turin da ruwa ke yi wa duk abin da ya shiga cikinsa. Saninsu yana da amfani ga ɗan fito da manomin rani da uwargida da ma'aikacin hukuma baki ɗaya.

NAUYIN LITA

Kowace uwargida ta san tiyar gero ta fi tiyar dusa nauyi, ko da ya ke da tiya ɗaya aka auna su. Haka abin ya ke ga ruwa da mai. In aka cika kwalba mai cin lita 1 da abubuwa iri-iri, aka ɗora bisa sikeli, aka fidda nauyin kwalbar, ga abin da za a samu, ko kusa da haka:

Esansi: giram 750
Kananzir: giram 800
Gazuwal: giram 840
Man gyaɗa: giram 915
Ruwa mai tsabta: giram 1,000, watau kilo 1
Ruwan teku: giram 1,025
Madarar shanu: giram 1,030
Zuma: giram 1,400

Ruwa shi ne ma'aunin da a ke gwada sauran da shi, domin lissafinsa ba wuya: lita 1, kilo 1. Yarinyar da ta ɗauko bido mai lita 20 daga rijiya, kilo 20 ke bisa kanta. Mai kura da ya cika tano mai lita 200, kilo 200 ya ke turawa. Rami mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1 da zurfin metir 1 yana cin lita 1,000, watau ton 1 na ruwa. Motar siterni mai cin lita 30,000 tana ɗauke da wajen ton 22 da rabi in esansi ne cikinta, amma in aka cika ta da ruwa sai nauyin ya kai ton 30. Wanda ya ari irin wannan mota don kai wa ƙauyuka ruwa lokacin fari ya kamata ya tuna da wannan bambanci, don kada ya karya motar, ya kuma lalata hanya.

Zafi yana sake nauyin lita, domin abu in ya yi zafi yakan kumbura. Esansi yana ƙaruwa da wajen lita 1 cikin kowace lita 1,000 in zafinsa ya hau da digiri 1. Saboda haka siternin da aka yi wa lodin lita 30,000 da rana, mai yana digiri 35, in aka auna shi da asuba yana digiri 25, za a tarar ya ragu da wajen lita 300 ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wannan ne ya sa masu cinikin mai na duniya su ke maida lissafinsu ga digiri 15. Magajin ajiyar da ke da ma'aunin zafi da ma'aunin nauyin lita ba ya zargin direba a banza, kuma mai sata ba ya iya fakewa da zafin rana.

ABIN DA YA FI SAUƘI SHI KE SAMA

In aka haɗa abubuwa biyu waɗanda ba su gaurayuwa, wanda litarsa ta fi sauƙi shi ke hawa sama. Shi ya sa mai ke tasowa bisa miya. Shi ya sa kuma ruwan da ya shiga tankin babur ke kwanciya can ƙasa, daidai inda inji ke zuƙar mai, har babur ya riƙa mutuwa bisa hanya.

Wannan hali yana da haɗari babba lokacin gobara. In man ƙosai ya kama wuta cikin kasko, aka watsa masa ruwa, ruwan yana nutsewa ƙarƙashin man, nan take ya zama tururi. Lita 1 ta ruwa tana zama wajen lita 1,700 ta tururi, sai ta watso man mai ci da wuta bisa fuskar wadda ke tsaye kusa. Abin yi shi ne a rufe kaskon da murfi ko babban faranti na ƙarfe, a janye icen wuta. Wutar esansi ma haka ta ke: esansin yana hawa bisa ruwan da aka zuba, ya bi shi duk inda ya gangara yana ci. Rairayi ko ƙasa a ke zuba mata.

Iska ma tana cikin abubuwa masu kwarara, kuma tana da nata nauyi. Turirin esansi ya fi iskar da mu ke shaƙa nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama. Ƙasa ya ke bi yana rarrafe, ba a ganinsa, har ya tarar da garwashi ko tartsatsin inji nesa da wurin da man ya zube. A watan Mayu na 2019, wata siterni ta faɗi da dare kusa da filin jirgin sama na Yamai, jama'a suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, mutane fiye da 50 suka rasa rayukansu. Gaz na dafa abinci shi ma ya ninka iska nauyi sau biyu. In kwalbarsa ta yi yoyo, a ƙasan ɗaki ya ke taruwa. Wanda ya ji warinsa ya buɗe ƙofa da taga, kada ya ƙyasta ashana, kada ya taɓa makunnin lantarki.

KAURI DABAM, NAUYI DABAM

Mutane da yawa suna zaton abin da ya fi kauri shi ya fi nauyi. Gwaji ƙarami ya isa ya warware wannan zato. A ɗiga ruwa da man gyaɗa da zuma bisa faranti, a karkata shi. Ruwa zai riga kowa sauka, man gyaɗa ya biyo baya, zuma kuwa ta riƙa jan jiki. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri sau 60 zuwa 80, amma ga shi bisa ruwa ya ke tsayawa, domin litarsa ba ta kai ta ruwa nauyi ba. Zuma ta fi ruwa kauri sau dubbai. Zaiba kuwa, wadda litarta ta kai kilo 13 da giram 600, tana gudu bisa faranti kusan kamar ruwa. Kauri ke nan shi ne ƙin kwarara, watau yadda sassan abu ke riƙe da juna in ana so su gusa.

Zafi yana rage kauri, sanyi yana ƙara shi. Kowa ya ga yadda man shanu da manja ke daskarewa da hunturu, su narke da bazara. Wannan magana tana da muhimmanci ga masu injin ban-ruwa a Galmi da kwarin Tarka da fadamun bakin kogi. Aikin man inji shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su cin juna. Inji mai aiki yana kai digiri 90 ko 100. In man ya tsinke ƙwarai da wannan zafi, ƙarfe zai goga ƙarfe. In kuma ya yi kauri fiye da kima, ba zai kai ko'ina da wuri ba sa'ad da aka tada inji da safe. Lambobin da ke jikin galan, irin su 15W-40 ko 20W-50, kauri su ke nunawa: lambar farko tana faɗin halin man cikin sanyi, ta biyu kuwa halinsa in inji ya yi zafi. Sai a bi lambar da masu ƙera injin suka rubuta cikin takardarsa. Baƙin man da aka juye daga wata mota aka sake sayarwa ya riga ya gauraya da ƙura da gazuwal, kuma araharsa takan ƙare wurin makaniki.

Kauri ne kuma ke sa ruwa ya wahala cikin ƙaramin bututu. Wani likitan Faransa mai suna Puwazoyi, wanda ya yi binciken yadda jini ke gudu cikin jijiyoyi wajen shekarar 1840, ya gano cewa in aka ninka faɗin siririn bututu sau biyu, abin da ke wucewa yana ƙaruwa sau 16. A manyan bututun ban-ruwa, inda ruwa ke gudu da ƙarfi, ƙarin yana kai wajen sau shida. Manomin da ya sayi siririn tiyo mai tsawo don ya rage kuɗi, zai biya bambancin a kuɗin mai kowace rana. Ɗanyen man Agadem ma da wannan lissafi a ke tura shi: kilometir 462 zuwa matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, da wajen kilometir 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin ta bututun da ya fara aiki a 2024. Kowane kilometir yana cinye wani abu daga ƙarfin turi, shi ya sa a ke kafa tashoshin famfo bisa hanya.

Har cikin ƙoƙon jariri wannan ilimi yana da aiki. Kunu mai kauri yana yi wa yaro ƙarami wuyar haɗiya, sai uwa ta ƙara ruwa har ya tsinke. Yaron ya sha cikinsa ya cika, amma yawancin abin da ya sha ruwa ne. Akwai dabarar da masana abinci ke koyarwa: a jiƙa gero ya yi tsiro, a shanya shi, a murje tsiron da saiwar a zubar, a niƙa. Ɗan kaɗan na wannan gari in aka zuba shi cikin kunu mai ɗumi yana tsinka shi ba tare da an ƙara ruwa ba, sannan a sake tafasawa. Kaurin ya tafi, abincin yana nan.

TURIN RUWA

Wanda ya taɓa jan guga ya san cewa guga ba shi da nauyi muddin yana cikin ruwan rijiya, amma da ya fito sai hannu ya ji shi. Wanda kuma ya danna ƙwarya cikin randa ya ji yadda ruwa ke turo ta sama. Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis, wanda ya zauna birnin Sirakus a tsibirin Sisili ya kuma rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya fara bayyana girman wannan turi. Ƙa'idar ita ce: duk abin da ya shiga ruwa, ruwa yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar daga wurinsa.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Lita 1 ta ƙarfe tana da nauyin kilo 7 da giram 800, amma ruwan da za ta kawar kilo 1 ne kawai. Turin bai isa ba, don haka allura, komai ƙanƙantarta, in ta shige ruwa sai ƙasa. In kuwa aka buga ƙarfen nan ya zama faffaɗan kwano mai cin lita 20, zai shiga ruwa har ya kawar da lita 8 ko kusa da haka, sai ya tsaya, kuma yana da sauran wurin ɗaukar kilo 12 kafin ruwa ya kai bakinsa. Jirgin teku babban kwano ne, ba wani abu ba. Da wannan ƙa'ida masunta ke kwanciya bisa gora suna jefa koma.

Malaman ƙasashen Musulmi sun ɗora a kan wannan aiki. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja ta hanyar ruwan da su ke kawarwa. Al-Khazini na birnin Marwa ya rubuta littafinsa Mizanul Hikma wajen 1121, inda ya jera nauyin abubuwa da dama, har da man zaitun da madara da ruwan teku.

Da zarar ruwa ya ƙara nauyi, turinsa ma yana ƙaruwa. Ƙwai sabo yana nutsewa cikin ruwa, amma in aka narka gishiri mai yawa ciki sai ya taso. Manoman shinkafa suna amfani da wannan wajen zaɓen iri: a zuba gishiri har ƙwai ya taso, a zuba irin, a kwashe wanda ya yi sama domin bai cika ba, a wanke wanda ya nutse da ruwa mai daɗi a shuka. Ma'aunin nauyin lita da a ke gani hannun masu binciken mai da madara shi ma ɗan bututun gilas ne mai yawo bisa ruwa, da lambobi a wuyansa. Yana ƙara nutsewa cikin madarar da aka ƙara wa ruwa, yana kuma ƙara tasowa cikin esansin da aka gauraya da kananzir.

LISSAFIN KWALE-KWALE

Yanzu mu koma bakin kogi, mu ɗauki misali. A ce ga kwale-kwale mai tsawon metir 12 da faɗin metir 1 da santimetir 20 a tsakiyarsa. Da ya ke goshinsa da bayansa sun tsuke, filin da ya rufe bisa ruwa zai yi wajen metir murabba'i 10. In ya nutse da santimetir 1, ya kawar da lita 100, watau kilo 100. Ke nan kowane buhun masara mai kilo 100 yana danna shi ƙasa da santimetir 1.

A ce sa'ad da ba kowa ciki, bakinsa yana sama da ruwa da santimetir 40, kuma ana so a bar santimetir 20 saboda igiyar ruwa da iska. Abin da ya rage na lodi santimetir 20 ne, watau ton 2: buhu 20, ko kuwa mutum 30 masu wajen kilo 65 ba tare da kaya ba. To, ranar kasuwa ɗan fito ya ɗauki mutum 30 ɗin nan, ya ƙara buhu 10, ya ɗora babura 3 masu wajen kilo 100 kowanne, ga kuma ruwan yoyo lita 200 kwance ƙasan jirgi ba a kwalfe ba. Ƙarin ya zama kilo 1,500, watau santimetir 15. Abin da ya rage tsakanin mutane da kogi santimetir 5 ne, faɗin yatsu uku. Igiyar ruwa ƙarama ta isa ta shigo. Duk ruwan da ya shigo yana ƙara danna jirgin, wani ya samu hanyar shigowa fiye da na farko, kuma kafin a ankara magana ta ƙare.

Yadda aka jera kaya shi ma yana da nasa hukunci. Nauyin da ke ƙasan jirgi yana daidaita shi, wanda aka tula sama kuwa yana neman kifar da shi. In mutane suka miƙe tsaye don tsoro, ko suka ruga gefe guda, sun ɗaga nauyin sama ke nan, sun kuma karkata shi. Ruwan yoyo ya fi kowane kaya mugunta, domin duk gefen da jirgi ya karkata can ya ke gudu ya ƙara masa nauyi.

Manyan ƙasashen teku sun sha wannan darasi da tsada. A Ingila, wani ɗan majalisa mai suna Samuyel Pilimsol ya yi ta gwagwarmaya da masu jiragen da ke cika lodi, har aka yi doka a 1876 wadda ta tilasta zana layi jikin jirgi don nuna iyakar nutsewarsa. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya kan wannan layi a 1930, suka sabunta ta a 1966. Layin ruwan daɗi dabam ya ke da na teku, domin jirgi ya fi nutsewa cikin ruwan daɗi. Inda aka yi sakaci da iyakar lodi kuwa, an ga sakamako. Ran 26 ga Satumba 2002, jirgin Joola na ƙasar Senegal, wanda aka ƙera don fasinja 536, ya kife tsakanin Zigincor da Dakar. Hukuma ta ƙidaya mutum 1,863 da suka mutu, 64 kaɗai suka tsira. A nan gida, bayan rufe iyaka a 2023, jama'a da kaya masu yawa sun koma ƙetare kogi da kwale-kwale tsakanin Gaya da Malanbil, abin da ya nuna cewa aikin fito yana iya ninkuwa cikin dare ɗaya ba tare da jirage sun ƙara girma ba.

ABIN DA KE HANNUNMU

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A sha'anin ruwa ƙimar ido ba ta isa, sai an sa mudun. Layin iyakar lodi ba ya bukatar komai sai gwangwanin fenti da igiyar awo. Magadan gari da sarakunan ruwa da shugabannin ƴan fito suna iya haɗuwa su auna kowane jirgi, su zana masa jan layi a gefe biyu, su kuma rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da manyan lambobi. Daga nan ba sauran gardama a mashigi: layi ya taɓa ruwa, lodi ya ƙare.

Jikin ɗan Adam kusan nauyinsa ɗaya da ruwa, don haka taimako kaɗan ya ke bukata kansa ya tsaya sama. Rigar ceto tana ba da turin kilo 10 zuwa 15. Inda ba a same ta ba, bido mai lita 20 wanda ba komai cikinsa, in an rufe bakinsa da kyau, yana iya ɗaga wajen kilo 19. Ya kamata kowane jirgin fito ya kasance da irin waɗannan bidoji masu igiyar kamawa, a inda hannu zai kai gare su da sauri.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, lissafin nan bai fi ƙarfinku ba. Ku karanta wa maƙwabta, ku gwada ƙwai da gishiri gaban yara, ku duba lambar da ke jikin galan kafin ku biya. In kun iso mashigi kun tarar bakin jirgi ya kusa shan ruwa, ku jira sahu na biyu.